"Sai gobe": ayyukan da ke kwana a hannun mai sana'a

Akwai wata kalma da ba ta barin bakinmu, ita ce "sai gobe". Mai tebur a kasuwa yana faɗinta. Mai suyar ƙosai tana faɗinta. Manomin da ya haɗa noma da fatauci shi ma haka. Ba kullum lalaci ke kawo ta ba. Macen da ke tashi tun asuba ta yi daka, ta shirya yara, ta hura wutar sana'a, ba mai kiranta malalaciya. To, me ya sa wasu ayyuka suke kwana a hannunta?

Dalili shi ne aiki iri biyu ne: akwai mai kira, akwai mai shiru. Mai saye yana tsaye da kuɗi a hannunsa, dole a kula shi. Amma waken da aka jibge a ɗaka ba ya magana. Katin rigakafin yaro ma ba ya magana. Su ne muke ture wa gobe, alhali hasararsu ta fi ta cinikin yini guda.

Mu duba wake. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Cikin wajen wata ɗaya ƙwansa ya zama ƙwaro, shi ma ya zuba nasa ƙwan. Wanda ya yi ta ɗage gyaran wakensa, zai tarar da shi duk huda, mai saye ya taya shi da arha. Ga shi kuwa aikin bai fi yini biyu ba. A shanya shi ya bushe sarai, a zuba shi a buhu mai rufi uku, wato leda biyu da buhu a waje, a ɗaure kowane rufi dabam. Ƙwaro zai rasa iska ya mutu, ba sai an sa magani ba.

Na lafiya ya fi tsanani. Yaro ƙarami in jikinsa ya yi zafi, musamman da damana, a kai shi likita a ranar, kada ya kwana. Zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran a tashi daga kasuwa. Rigakafi ma da lokacinsa: in jariri ya yi sati 6, da sati 10, da sati 14, sannan allurar ƙyanda in ya cika wata 9. Haka maganin kariya da ake raba wa yara da damana. Ma'aikaci ke ba da na ranar farko, na kwana biyun da suka rage kuwa aikin iyaye ne a gida, kuma nan ne ake yawan mantuwa.

Yaya za mu yi? Kada mu ce "in na samu lokaci", don mai sana'a da iyali ba ya samunsa. Mu ɗaura aikin a jikin abin da ba mu fashi. Misali, maganin yaro bayan sallar asuba, kafin a ɗora tukunya. Shanyar wake kashegarin kasuwa. Sannan mu rubuta. Ai don irin wannan rana muka shiga ajin yaƙi da jahilci. Da dare a rubuta aiki biyu kawai na gobe, a liƙa takardar inda ido zai gan ta. In aka rubuta goma, ba ko ɗaya da zai samu.

In aikin ya yi nauyi, a fara da guntunsa. Yau a sayo buhun, gobe a shanya.

Muna da magana da magidanta. Da yawanmu muna cewa zuwa likita sha'anin mata ne, mu bar uwar yara tana tunanin wanda zai tsare mata sana'a. Wannan ba daidai ba ne. Tun daren ranar maigida ya ba da kuɗin mota ko na kabu-kabu, a samu ƙanwa ko maƙwabciya ta zauna wurin suya. In ba a samu ba, shi ya ɗauki katin ya kai yaron da kansa.