Takobi a cikin kube: ta'aliƙi a kan ƙasidar Aliyu ɗan Jahmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Wannan warƙa daga gafakar mahaifina ta fito, Allah ya jiƙansa, a nan Safo ta ƙasar Madarunfa. Ƙasida ce ta Larabci a baharin Kamil, mai ƙafiyar dalun, an bi ta da fassarar ajami a tsakanin layuka. Mai ita shi ne Aliyu ɗan Jahmu, mawaƙin fadar Halifa Mutawakkil, wanda ya yi halifanci daga shekara ta 232 zuwa 247 bayan Hijira. Mahassada suka shiga tsakaninsu, halifa ya ɗaure shi, daga baya ya kore shi zuwa Hurasan. Ya rasu a shekara ta 249.

Ka sani, ya kai ɗalibi, ƙasidar amsa ce ga wata mace da ta yi masa maganar ɗaurinsa. Bai musa cewa an ɗaure shi ba, sai ya jero misalai: takobi da ake mayarwa kube, zaki da ke lizimtar kurminsa alhali ƙananan namun daji na yawo, wata da ke ɓuya sannan ya sake tsayawa, da wuta da ke kwance a cikin dutse sai an ƙyasta.

A gefen baitin takobi, mai kwafar warƙar ya rubuta kalma guda da ajami: dangana. A nan na saɓa masa, tare da girmamawa. Dangana muke cewa ga wanda abu ya kuɓuce masa ba ya dawowa, kamar mai rashi. Shi kuwa mawaƙin nan yana cewa ne abin da ke gare shi bai kuɓuce ba. Takobi a kube bai koma sanda ba, kaifinsa na nan. Abin da ya dace da gefen baitin shi ne sanin kai: bawa ya san abin da Allah ya ajiye a cikinsa, kada ya auna kansa da ɗakin da aka rufe shi.

Sai dai a lura da sharaɗin da ya gindaya. Ya yabi kurkuku ne ga wanda bai shige shi da abin kunya ba. Wannan tafarkin Annabi Yusuf ne, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya zaɓi kurkuku a kan saɓo, ya yi wa abokan zamansa biyu wa'azin tauhidi a ciki, ya kuma ƙi fita sai an wanke shi.

To, wanda ya yi laifin fa? Ƙofarsa daban ce, amma a buɗe take. Sayyidina Umar ya ɗaure Huɗai'a saboda zambon da ya yi wa Zibriƙanu ɗan Badru. Huɗai'a bai kira kansa zaki ba. Ya ambaci ƙananan 'ya'yansa da ya bari ba mai ciyar da su, ya nemi afuwa, aka sake shi. Wannan ma karɓar kai ne: mutum ya dubi laifinsa bai ɓoye ba, bai kuma yanke ƙauna ba.

Kada kuma ka ɗauka haƙuri shi ne rashin kuka. Abu Firas Alhamdani, wanda Rumawa suka kama a shekara ta 351 suka riƙe har 355, ya cika waƙoƙinsa da begen mahaifiyarsa da ke Manbij da ƙorafin jinkirin fansarsa daga Saifud Daula. Mu'utamid ɗan Abbad, sarkin Ishbiliya da Murabiɗai suka tuɓe a 484 suka kai Agmat, ya waƙe ranar idin da 'ya'yansa mata suka zo masa cikin tsumma, suna kaɗi don a biya su. Annabi Yaƙub kansa ya kai kukansa ga Allah, bai kuma fita daga haƙuri mai kyau ba.

Abin da ya sa na tsawaita, wani almajirinmu ne. Ya yi watanni a gidan kaso, kamar yadda muke ce wa kurkuku a nan, a kan rigimar da aka wanke shi daga baya. Da ya dawo sai ya daina zama a zaure, ya bar allonsa jingine, wai shi wanda ya kwana a kaso ba ya zama cikin masu karatu. Na aika ya zo, muka karanta warƙar nan baiti baiti. Na tambaye shi ko akwai izu ɗaya da aka karɓe masa a ƙofar kaso. Ya yi shiru, sannan ya ce babu, a ciki ma ya fi yin tilawa. Washegari ya wanke allonsa.

Saboda haka na bar kalmar mai kwafa a inda take, don amana ce, na ɗora tawa a ƙarƙashinta. Wanda ya ga kuskure ya gyara. Allah ya kwance ɗaurarru, ya ba mu haƙuri mai kyau. Allah shi ne mafi sani.