Injin Gem na Japan da Hannun Tsohon Mai Gyaran Talabijin

Duk wanda ya leƙa gidan gem a Ƙauran Namoda da yamma, ko a Shinkafi ranar Alhamis da kasuwa ke ci, abin da zai tarar kusan iri ɗaya ne: benci, janareta na ruri a waje, talabijin shafal manne da bango, da samari riƙe da hannun PlayStation suna buga ƙwallo. Mai gida na bakin ƙofa yana karɓar kuɗin kowane wasa. Kaɗan daga cikin yaran nan ne suka san cewa wannan sana'a tana da asali, kuma a asalinta babu mai karɓar kuɗi. Akwati ne mai tsawon mutum, da allo a gaba, da sanda da madannai, da 'yar kafa inda ake jefa kwandala. Ka jefa, ya ba ka wasa. Aka cinye ka, sai ka sake jefawa ko ka ba na baya wuri.

Japan ce ta kai wannan akwati ƙololuwa. A 1978 kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders, aikin wani injiniya mai suna Tomohiro Nishikado, wanda ya tsara wasan ya kuma harhaɗa na'urar da ke tafiyar da shi da kansa. Allon baƙi da fari ne, sai aka liƙa masa leda mai launi don ya yi kyau. Ƙwaƙwalwar injin, Intel 8080, ba ta da ƙarfin motsa dodanni da yawa da sauri, saboda haka duk lokacin da ɗan wasa ya rage su sai ragowar su ƙara gudu. Nishikado ya ga haka ya bar shi, abin ya zama shi ne daɗin wasan. A 1980 Namco ya zo da Pac-Man na Toru Iwatani, a 1981 Nintendo ya kawo Donkey Kong na Shigeru Miyamoto, a 1991 kuma Capcom ya saki Street Fighter II. A 1986 gidajen irin waɗannan injuna sun haura 26,000 a Japan. Zuwa 2019 sun koma kimanin 4,000. Injunan da aka fitar daga gidajen da suka rufe su ne yau masu sha'awa ke saye a Amurka da Turai da Japan ɗin kanta, suna neman wanda zai tashe su.

Abin da ya sa tashinsu ke yiwuwa shi ne tun farko an ƙera su ne don a riƙa gyarawa. Injin da ya tsaya yini guda asara ce ga mai shi, don haka aka yi masa ƙofa da makulli, aka buga littafin da ke nuna taswirar kowace waya, aka jera kayan ciki yadda hannu zai kai. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar masu ƙera injunan ta Japan, JAMMA, ta fitar da mahaɗa guda mai haƙora 56, wato 28 a kowane gefe, wadda ta ɗauki wuta da hoto da sauti da madannai gaba ɗaya. Daga nan mai gida na iya zare fanel ɗin wani wasa ya soka na wani a akwati guda. Wanda ya saba buɗe wayar zamani da aka like da gam zai fahimci girman wannan karamci.

Mai gyara na kirki ba ya fara da jona injin a wuta. A ƙasarmu ma wannan ne kuskuren da zai fi saurin kashe shi, domin wutar gida a Japan bolt 100 ce, tamu kuwa 230. In ba a sa taransifoma mai rage wuta a tsakani ba, hayaƙi ne zai amsa. Kafin nan ma akwai shara: ƙurar hunturu da ta daskare a kan fanel, sheƙar ɓera, wayar da aka gwaigwaye, katakon da gara ko laima ta ci idan akwatin na tsohon yayi ne. Sai a cire fanel ɗin wasan gefe, a gwada tukunyar wuta ita kaɗai da mita, a tabbatar layin bolt 5 yana ba da 5 ɗin, ba ƙasa sosai ba, ba sama ba. Idan ya ragu wasan zai riƙa sandarewa ko sake tashi da kansa. Idan ya haura zai iya ƙona ƙwayoyin da an daina ƙera su. Yawancin ciwon injin ɗan shekara 30 ko 40 ba ya wuce kafasitocin da ruwan cikinsu ya bushe, da dalmar da ta tsage saboda zafi da sanyi, da haƙoran mahaɗa da suka yi tsatsa. Magani shi ne haƙuri, ƙarfen dalma, da ido mai kyau.

Akwai kuma ciwon da masu kamfani suka dasa da gangan. A fanel ɗin da Capcom ya fara fitarwa a 1993, CPS-2, an ɓoye mabuɗin da ke warware bayanan wasan a cikin wata 'yar ƙwaƙwalwa da ƙaramin batir ke raya ta, don hana masu kwaikwayo. Ranar da batirin ya mutu, mabuɗin ya goge, fanel ɗin ya zama gawa duk da komai nasa lafiya lau. Sai a 2016 wasu masu sha'awa uku, Eduardo Cruz da Artemio Urbina da Ian Court, suka sanar da hanyar mayar da mabuɗin ba tare da an yi wa fanel ɗin lahani ba. Wannan ya nuna inda ƙarfin sana'ar yake a yau: a hannun mutanen da ba kamfani ke biyansu ba.

Kafar kwandala aiki ne na maƙeri fiye da na mai lantarki. An daidaita ta ne da kwandalar yen 100, mai faɗin milimita 22.6 da nauyin giram 4.8. Kwandala na gangarowa, a auna faɗinta, a auna nauyinta, maganaɗisu ya tare ƙarfen banza, wadda ta tsallake ta taɓa wani ɗan makunni da ke shaida wa injin an biya. A nan Najeriya, kwandalolin kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da Babban Banki ya fitar a 2007 ba su sayen ko alewa, don haka wanda ya samu irin wannan inji sai dai ya nemi tambarin ƙarfe na musamman da ake saye a hannun mai gida, ko ya saita shi ya yi wasa kyauta.

Amma zuciyar aikin ita ce kwalbar hoto, kuma a nan ne maganar ta dawo gida. Allon waɗannan injuna, kamar na Astro City da Sega ya fitar a 1993 mai inci 29, ɗan'uwan talabijin mai ƙeya ne na jini, irin Sharp da National da Sony da suka cika zaurukanmu shekarun baya. Kwalba iri ɗaya, taransifomar da ke ɗaga wuta iri ɗaya, cututtuka iri ɗaya: hoto ya tsuke ya koma layi guda, launi ɗaya ya ɓace, gefe ya lanƙwashe, ko hoton da ya daɗe a wuri ɗaya ya ƙone ya bar tabo a gilashi. Haɗarin ma ɗaya ne. Wutar da ke shiga kwalbar ta haura bolt 20,000, kuma tana iya maƙalewa a ciki bayan an cire filogi. Duk tsohon mai gyara ya san ana sauke ta da sukudireba da aka ɗaure wa waya zuwa jikin ƙarfen allon, hannu ɗaya a aiki, ɗayan a baya. Wannan ba abin da yaro zai koya daga bidiyo a waya ba ne. A gaban maigida ake koyonsa.

Manyan kamfanoni sun daina ƙera kwalbar nan. Sony ya rufe layin Trinitron a 2008. Wanda ke son tayar da injin Japan yadda yake na asali dole ya nemi tsohuwar talabijin ya ciro kwalbarta, sannan ya nemi mutumin da ya san yadda ake aurar da ita da fanel ɗin da ba nata ba. A ƙasashen da ake farautar waɗannan injuna, irin wannan mutum ya yi ƙaranci ƙwarai. Mu kuwa muna da su. Ƙauran Namoda gari ne da jirgin ƙasa ya iso tun 1929, daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, kuma inda kaya ke sauka nan masu gyaransu ke tsirowa. A bakin kasuwar Ƙaura da ta Shinkafi da cikin garin Zurmi har yanzu akwai dattawan da suka yi rayuwarsu kan rediyo da kaset da talabijin, waɗanda ke bin layin wuta da mita har su kama ƙwayar da ta mutu, su canja ta ita kaɗai. Yaran da suka biyo bayansu galibi sun koma gyaran waya, inda aikin yau da kullum shi ne a cire gilashi ko batir ko fanel sukutum a sa sabo. Ban raina wannan ba, abinci ne na halal. Sai dai wanda ya iya bin ciwo har gindinsa zai gyara inbata ta sola da sitabilaiza da na'urar asibiti, wanda kuwa ya iya musanya kawai yana tsayawa ranar da kaya suka daina zuwa daga Kano. Mutanen arewacin Zamfara sun san yadda hanya ke yankewa. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a jihar, an kuma rufe kasuwannin mako saboda matsalar tsaro.

Wani zai ce inji mai cin kwandala ai caca ce, kuma Zamfara ta haramta caca tun da aka fara aiki da Shari'a a shekarar 2000. Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin injin. Na caca yana da aljihun da ke zubo kuɗi ga wanda ya yi sa'a. Wannan ba shi da shi. Kwandalar kuɗin haya ce ta 'yan mintoci, kamar yadda ake biyan mai gidan gem a yau. Batun ɓata lokaci da barin salla da karatu kuwa gaskiya ne, kuma aikin iyaye da mai gida ne, ko da wane irin inji ake wasa.

Abin da ya fi damuna shi ne makomar kwalaben kansu. Talabijin mai ƙeya ta zama kayan 'yan gwangwan. Ana fasa ta don a ciro jan ƙarfen da ke wuyanta, a watsar da gilashin a bola ko bayan gida inda yara ke wasa. Gilashin bayan kwalbar nan cike yake da dalma, an zuba ta ne don tare hasken da ke cutar da mai kallo. Jihar da ta binne yara aƙalla 400 a 2010 sakamakon gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma guba ɗaya ce. Kwalbar da ke aiki, in an ajiye ta a inuwa ba a fasa ba, ba ta cutar da kowa, kuma tana da masu nema.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana koyar da injiniyancin lantarki. Ba abu ne mai tsada ba ta ware ɗaki guda ta tara tsofaffin talabijin da rediyo da duk wani injin wasa da aka samu, ta gayyato dattawan bakin kasuwa su zauna da ɗalibai, a biya su haƙƙinsu, a rubuta abin da suka sani da Hausa tun suna da ƙarfin riƙe ƙarfen dalma. Kai kuma mai karatu, idan akwai tsohuwar talabijin a ɗakin ajiyarku, kada ka bari a fasa ta a tsakar gida. Kai wa mai gyara ya duba ta tukuna.