Rufin Gidan da Ke Sayar wa Kamfani Wuta

Wanda ya hau saman bene a Lahore ko Karachi a 'yan shekarun nan, abin da zai fara cika masa ido shi ne farantan sola, jere a kan gidaje da shaguna da masallatai. A shekarar 2024 kaɗai, Pakistan ta shigo da farantan da ƙarfinsu ya kai kimanin megawat 17,000, akasari daga Chaina, alhali babban layin lantarkin Najeriya yakan raba wa ƙasar baki ɗaya megawat 4,000 zuwa 5,000 ne a yawancin ranaku. Ba gwamnati ce ta yi wannan sayayya ba. Magidanta da 'yan kasuwa da manoma ne, waɗanda kuɗin wuta ya ninka musu fiye da sau biyu cikin shekara uku, daidai lokacin da farashin faranti ya faɗi warwas.

Wani kaso na waɗannan gidaje bai tsaya ga samar wa kansa haske ba, har sayar wa kamfanin lantarki yake yi.

Kayan aikin guda uku ne: faranti, inbata da mita. Farantin yana mayar da hasken rana wuta, amma irin wutar batir ce mai tafiya gefe guda. Inbata ce ke juya ta ta koma irin wadda firji da fanka suke ci, kuma ta daidaita bugunta da na layin gari, sau 50 a daƙiƙa guda, ta yadda wutar rufi da ta kamfani za su haɗu a waya ɗaya ba tare da karo ba. Da tsakar rana, yara suna makaranta, maigida yana kasuwa, gidan ba ya cin ko rabin abin da rufin ke samarwa. Rarar sai ta bi waya ta fita, ta shiga gidajen maƙwabta. Bayan magariba kuma gidan ya koma jan wutar kamfani. Mitar tana ƙidaya ta fuska biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita, a ƙarshen wata a yi lissafi. Kamar manomi ne da ya bar hatsinsa a hannun ɗan kasuwa da kaka, yana karɓa mudu-mudu idan bazara ta yi.

Ribar farko ita ce babu batir. Duk mai sola ya san batura ne suka fi cin kuɗi, su ne kuma ke fara mutuwa, alhali masu ƙera faranti sukan ba shi garantin shekara 25. Ta fuskar tsabta ma tazarar ba kaɗan ba ce. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2014 cewa, idan aka haɗa da hayaƙin masana'antar da ta ƙera farantin, kowane yunit na solar rufi yana jawo kimanin giram 41 na iskar kabon. Na iskar gas 490 ne, na kwal 820. Ba a ma zancen ƙarar janareta da hayaƙinsa da ke kashe mutane a ɗaki.

Jamus ce ta buɗe wannan hanya da gaske. A 1990 ta fara shirin rufi dubu, sannan a shekarar 2000 ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni karɓar wutar masu sola a kan tsayayyen farashi har tsawon shekara 20. Wannan tabbaci ya sa bankuna suka ba da rance, masana'antu suka yawaita, farashi ya yi ta sauka. Yau a Ostareliya kusan gida ɗaya cikin uku yana da faranti a rufinsa. Pakistan ta kafa tata dokar a 2015, kuma zuwa ƙarshen 2024 gidaje da wuraren sana'a masu irin wannan mita sun haɗa kimanin megawat 4,000.

A nan ne rigima ta kunno kai. Gwamnatin Pakistan ta ɗaure kanta da yarjejeniyoyin biyan tashoshin lantarki masu zaman kansu ko an sha wutarsu ko ba a sha ba. Kuɗin gyaran turaku da taransifoma ma ba ya raguwa don rana ta fito. Da masu hali suka rage sayen wuta, sai nauyin ya koma kan ɗan haya da talakan da ba shi da kuɗin faranti. A watan Maris na 2025 kwamitin tattalin arziki na gwamnati ya amince a rage farashin da ake sayen rarar wutar gidaje daga rupee 27 zuwa rupee 10 kowane yunit. Masu sola suka yi ca, suna cewa an yaudare su bayan sun zuba jari, har aka dakatar da matakin a lokacin. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, domin mai faranti yana amfani da layin kamfani a matsayin ma'ajiya, ma'ajiyar kuwa sai wani ya biya kuɗin kula da ita.

Ga mazaunin Kano ko Maraɗi, rana ba matsala ba ce. Farantan kilowat ɗaya da za su ba da kimanin yunit 1,000 a shekara a Jamus, a ƙasar Hausa sukan haura 1,500, muddin ana goge musu ƙurar hunturu. Matsalar tana wani wuri. Inbatar da aka ƙera don layin gari takan kashe kanta nan take idan aka ɗauke wuta, ko da rana na tsaka. Da gangan aka yi ta haka, don kada ma'aikacin da ya hau turke yana gyara, yana zaton wayar a mace take, wutar wani gida ta kama shi. Ke nan a watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewacin Najeriya suka shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta, mai irin wannan inbata zai zauna ba fanka, faranti na gasuwa a kan kwano.

Shi ya sa masu harhaɗa sola a nan suka fi ba da shawarar inbata mai harshen damo, wadda ke karɓar wutar NEPA idan an kawo, ta koma batir idan an ɗauke. Ta fi tsada, amma ita ta dace da halin da ake ciki. Wanda yake layin Band A, da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana kuma aka kai masa yunit naira 225 a Afrilun 2024, shi ya fi kusa da cin moriyar tsarin, tunda duk yunit ɗin da rufinsa ya samar ya kuma yi amfani da shi ragi ne a bil ɗinsa.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohin Najeriya ikon tsara kasuwar wutarsu. Jihar da ke son rufin gidajenta su zama ƙananan tashoshi sai ta fara da abu uku: layin da ke tsayawa da rana, mita mai ƙidaya ta fuska biyu, da rubutaccen farashin da ba za a sauya shi bayan mutane sun sayi kaya ba. Kafin a samu waɗannan, mai shirin sayen sola ya tambayi mai harhaɗawa tun kafin ya biya ko sisi: idan an ɗauke wuta da azahar, wannan inbatar za ta ci gaba da aiki?