Kada A Goge Na Asali Sai An Gwada Kwafin

Sau da yawa mutum yakan kwafe bidiyon biki ko muryar karatun malami daga katin memori zuwa kwamfuta, da ya ga sunan fayil ya fito sai ya goge na asali. Bayan shekara ya buɗe, ya tarar hoto ya tsaya cik a tsakiya. Ɗaukewar wuta ana cikin kwafa, ko katin jabu, ko tsufan faifai, duk suna iya ɓata fayil, sunansa kuwa yana nan daram. Saboda haka wajibi ne a gwada.

Duk manhajar da aka sa aiki ta tagar rubuta umarni takan bar lamba idan ta gama. Ita ake kira lambar fita. Sifiri na nufin an gama lafiya, kowace lamba dabam kuwa na nufin da matsala. Ana duba ta nan take bayan umarnin. A Linux ko macOS a rubuta:

echo $?

A tagar cmd ta Windows kuwa:

echo %ERRORLEVEL%

Gwaji na farko shi ne na lafiyar fayil ɗin kansa. Akwai manhaja ta kyauta mai suna FFmpeg, wadda Fabrice Bellard ya ƙirƙiro a shekarar 2000. A ba ta wannan umarni:

ffmpeg -v error -xerror -i biki.mp4 -f null -

Za ta karance fayil daga farko har ƙarshe ba tare da ta canza shi ba. A kula da kalmar -xerror, domin in babu ita manhajar tana iya tsallake ɓarna ta ba da sifiri.

Gwaji na biyu shi ne na tabbatar da kwafi ya yi daidai da na asali. A Linux, tun kafin a kwafa, a rubuta:

sha256sum biki.mp4 > shaida.txt

A kwafe fayilolin biyu tare, sa'an nan a sabon wurin a rubuta:

sha256sum -c shaida.txt

In an sami 0, kwafi ya yi daidai. In an sami 1, a sāke kwafa.

Amma a lura, gwaji na biyu ba ya gane fayil da ya lalace tun asali, don haka ɗaya ba ya wadatarwa. Sai duka biyun sun ba da sifiri za a goge kati. Rigakafi ya fi magani.