Ɗan Barto: An rage kuɗin siminti, ɗan haya na jiran nasa sauƙin

A Ɗan Barto, garin kan iyaka da ke kudu da Matamaye a jihar Damagaram, ƙarshen wata na zuwa ne da sallamar mai gida. Direbobi da 'yan dako da ƙananan ma'aikatan da aka turo aiki, da yawansu a ɗakin haya suke kwana.

Cinikin garin ya dogara ne da shige da fice ta Kongolam, a ɓangaren Najeriya. Da aka rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kasuwa ta mutu, amma kuɗin haya bai tsaya ba. An sake buɗe ta a watan Maris na 2024, a lokacin da naira ta riga ta faɗi. Wanda ke samun na abinci da naira, mai gida kuma na jiran sefa, shi ya fi kowa ji a jiki.

Ba za a ce hukumomin Yamai sun naɗe hannu ba. A 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta sauko da litar fetur daga sefa 550 zuwa 499, ta rage kuɗin asibiti, sannan ta karya farashin siminti bayan ambaliyar da ta rusa dubban gidaje, har da tsohon masallacin Birni a Damagaram. Sai dai siminti mai arha na mai fili ne. Wanda ruwa ya cinye wa ɗakin haya, sabon ɗaki zai nema, da kuɗin wasu watanni a hannu.

A Faransa, gwamnati kan biya wa mai ƙaramin ƙarfi wani kaso na hayarsa, ko da gidan na ɗan kasuwa ne. Tsarin na tafiya ne da takardar yarjejeniya da shaidar abin da mutum ke samu. Nijar na da dokar haya tun 1996, amma a garuruwa irin Ɗan Barto galibi da baki ake ƙulla haya, in rigima ta taso a tafi ƙofar mai unguwa. Ko gobe aka ware kuɗin tallafi, da wace takarda ɗan dako zai nuna cewa haya yake biya?

Rajistar gidajen haya da rasit na wata-wata aiki ne da ofishin magajin gari zai iya somawa ba tare da jiran Yamai ba. Cikas ɗin shi ne, masu gidaje da dama na kallon kowace rajista a matsayin share fagen sabon haraji.