Abubuwan da ke tsufar da ɗan kasuwa tun lokaci bai yi ba

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwannin bakin iyaka, tun daga Gaya da Kamba, Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, har zuwa Maigatari, ya saba jin irin wannan labari. A ce Alhaji wane, wanda aka rabu da shi lafiya lau bayan La'asar, ya yanke jiki ya faɗi wajen alwala, an kai shi asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Idan aka tambayi shekarunsa sai a tarar ko 55 bai cika ba. Daga nan sai surutu ya tashi a rumfuna, wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce jifa ce daga abokan hamayya. Ba a cika jin wanda ya tambayi yaushe rabon Alhaji da a auna jininsa ba.

Mun sani, kuma mun yi imani, cewa ajali na hannun Allah. To amma arziki ma ai na hannunsa ne, wannan kuwa bai taɓa hana ɗan kasuwa sa wa shagonsa kwaɗo biyu da dare ba, ko ya biya maigadi a ƙarshen wata. Abin da muke magana a kansa a nan shi ne sababi, da kuma irin tsufan da mutum zai yi idan Allah ya ja kwana: da ƙafafunsa zai riƙa zuwa masallaci, ko kuwa sai an kwantar an tayar.

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 sun nuna cewa jaririn da aka haifa a Nijar ana sa ran zai yi kimanin shekara 61 a duniya, a Najeriya kimanin 54, a Cadi 55, a Kamaru wajen 64, a Gana 65. A duniya baki ɗaya lissafin ya kai 73, a Japan kuwa ya haura 84. Sai dai kada mai karatu ɗan shekara 50 ya ga wannan ya ɗauka saura ƙiris ya rage masa. Matsakaicin lissafi ne, kuma abin da ya fi jawo shi ƙasa a yankinmu shi ne mutuwar ƙananan yara. Idan aka haifi yara biyu, ɗaya ya rasu a goye, ɗayan ya kai 80, lissafi zai ce 40 ke nan. Shi ya sa Nijar, wadda lokacin samun 'yancin kai a 1960 lissafinta bai kai 40 ba, ta yi wannan tsalle: rigakafi ya yawaita, gidan sauro ya shiga ƙauyuka, a 2006 kuma aka mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Daga cikin yara 1,000, waɗanda ke mutuwa kafin shekara biyar sun ragu daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009.

Wato ke nan wanda ya tsallake ƙyanda da zazzaɓi da gudawa yana yaro, har ya kai ga riƙe jarin kansa, wasu cututtukan ne daban ke jiransa a gaba, kuma yawancinsu a kwanon abincinsa da wurin zamansa suke soma ginuwa. Akwai masu cewa tsawon kwana gado ne, gidan su wane sai sun ga tattaɓa kunne. Da gaskiya a ciki. Wani bincike da aka yi a kan tagwaye a ƙasar Denmak, aka fitar a 1996, ya ƙiyasta cewa gado yana ɗaukar kimanin rubu'i na bambancin shekarun da ke tsakanin mutane. Masu bincike na baya sun zo da ƙiyasi daban-daban, wasu sama wasu ƙasa, amma babu wanda ya ce gado ne ya cinye lissafin duka.

Babban abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, cikin kowane manya uku a duniya ɗaya yana da shi, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da ya kamata. Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya sallama. Mutum zai yi shekara goma yana safara tsakanin Maraɗi da Kano, yana cin tuwonsa yana dariya, alhali jini na dukan jijiyoyinsa da ƙarfin da ya wuce kima dare da rana. A hankali jijiyoyin su yi tauri, zuciya ta kumbura saboda wahalar turawa, ƙoda ta soma lalacewa, gani ya ragu. Ranar da wata 'yar siririyar jijiya ta fashe ko ta toshe a cikin ƙwaƙwalwa, ita ce ranar da ake cewa iska ta buge shi.

Daga 140 bisa 90 zuwa sama ake kiransa hawan jini. A nan akwai abin da ke rikita masu ƙetara iyaka: a asibitocin Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci za a ce maka 14 bisa 9, a Najeriya ko Gana a ce 140 bisa 90. Abu ɗaya ne, sifiri kawai aka cire. Wanda aka ce masa 18 a Damagaram kada ya ji lambar ƙarama ya yi murna, domin 180 ke nan a Kano.

Gishiri yana cikin manyan masu hura wutar wannan ciwo, domin yana riƙe ruwa a jiki, jinin da zuciya ke turawa ya ƙaru. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ita ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kamar cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da duk wanda ke cikin abinci. Yawancin mutanen duniya suna cin ninki biyu na wannan. To mu duba cimar ɗan kasuwa, wanda tun fitowar rana har faɗuwarta ba ya cin na gida. Da safe indomi da ƙwai wajen mai shayi, an juye ƙunshin ɗanɗanon duka. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji, yajin nan kuwa da gishiri da magi aka daka shi. Da yamma tsire ko balangu, a sake barbaɗa wani yajin. Dunƙulen magi kansa kusan rabinsa gishiri ne, amma a tukunya ɗaya sai a jefa biyar ko shida, a kuma ƙara gishiri a kai. Iyayenmu da daddawa da albasa da citta suka yi miya, ba a kuwa ce miyarsu ta yi lami ba. Harshe yana sabawa: wanda ya rage gishiri sannu a hankali, bayan 'yan makonni na da ɗin ne zai riƙa yi masa yawa.

Sai kuma kuskuren da ya fi kowane yawa ga waɗanda aka riga aka gano suna da ciwon. Likita ya rubuta magani, mutum ya sha wata ɗaya, ya ji garau, ya ajiye. Maganin hawan jini danne ciwon yake yi, ba ya tumɓuke shi, ranar da aka daina sha jinin zai sake hawa. Mai tafiyar fatauci ya sa ƙwayoyinsa cikin jaka kamar yadda yake sa takardun shaidarsa, ya kuma tanadi na ajiya. Mun ga yadda iyakokin Najeriya suka rufe daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, da kuma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yuli na 2023 a Nijar, lokacin da magunguna suka yi wuyar samu. Mai azumi kuma ya tambayi likita yadda zai sauya lokacin sha, kada ya yanke wa kansa hukunci.

Zama ma ciwo ne, ko da yake a wurinmu alamar ci gaba ce. Yaron shago yana dako, yana sauke buhu, yana gudu tasha. Da ya zama maigida sai ya samu kujera ko darduma, komai sai aike, masallacin da ke bayan layi ma sai a kan babur. Tumbi ya fito, jama'a su ce Alhaji ya ji daɗi. A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na birnin Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba na zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala sau ɗaruruwa yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. Abin da ake nema a yau bai taka kara ya karya ba: minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, wato rabin awa sau biyar. Wanda ya zagaya kasuwar dabbobi ta Maigatari da ƙafa ranar Alhamis ya biya na wannan yini har da ƙari.

Shayi kuma fa? Ganyen ba shi da laifi, sukarin ne abin dubawa. Ƙa'ida ita ce kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da wajen cokali takwas, butar shayin da ake dafawa zagaye uku a bakin shago kuwa kowa ya ga yadda ake ɗura mata sukari da kofi. Ƙiba da zama su ne ke share wa ciwon suga hanya. Mai yawan fitsarin dare, da ƙishirwar da ba ta yankewa, da rama ba dalili, ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, ya je a auna shi da safe kafin ya karya.

Game da taba, lissafin a fili yake. Richard Doll da abokan aikinsa sun bi rayuwar likitocin Birtaniya fiye da 34,000 tun daga 1951 har tsawon shekara 50. Sakamakon da suka fitar a 2004 ya nuna mashaya sigari suna mutuwa kimanin shekara 10 kafin waɗanda ba sa sha. Wanda ya daina yana ɗan 30 ya tsira da kusan dukkan shekarun nan, mai 40 ya samu tara, mai 50 shida, mai 60 ma ya samu uku. Shisha da matasa suka runguma yanzu ita ma taba ce, ruwan da hayaƙin ke bi ta ciki ba ya wanke dafin. Mata masu tuyar ƙosai da waina da ke yini a kan murhun itace, su ma hayaƙi suke zuƙa ko da ba su taɓa riƙe karan sigari ba, gara a yi girkin a fili inda iska ke kaɗawa.

Akwai wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kansa, domin ta hannun wasunmu yake shigowa, wato maganin da ake tallarsa a faranti da bayan keke. Hukumar Lafiya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin magunguna goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Mai kyan ma idan ya yini a ranar bazara ƙarfinsa raguwa yake. Ɗan dako ko direba ya tashi da ciwon jiki, a haɗa masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda a ce maganin gajiya ne, ya riƙa haɗiya kullum. Yawancin haɗin nan akwai masu kashe zafin ciwo irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda idan aka daɗe ana sha suke cin ciki, su ta da jini, su kashe ƙoda. Wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku ake yi a mako har iyakar rai, ya cinye jarin gidaje da yawa. Tramol da likita ke bayarwa miligiram 50 ne ko 100, wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa har 225 da 250 ake samu, shi ke sa samari farfaɗiya a kan babur. Maigidan da ya ga yaronsa yana aikin mutum uku ba ya gajiya, ba ya cin abinci, ya kamata ya bincika kafin ya yaba.

'Yan hatsi su ma da tasu. Gyaɗa da masara da aka zuba a buhu ba su gama bushewa ba suna yin fumfuna mai fitar da wani dafi da ake kira aflatoksin, wanda dahuwa ba ta kashe shi. A 2004 ya kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Kaɗan-kaɗan kuma yana taruwa ya jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma. Wannan ciwo yana da gwaji, yana da allurar rigakafi. Al'adar nan ta ware tsabar da ta lalace a kai gida ko a sayar wa masu ƙuli-ƙuli da araha, guba ce ake rabawa.

Wani bincike na Jami'ar Harvard a Amurka, da ya bi mutane fiye da 120,000 aka fitar a 2018, ya tarar cewa ɗan shekara 50 da ba ya shan taba, ba shi da ƙiba, yana motsa jiki, yana cin abinci mai kyau, bai kuma wuce kima a giya ba, yana fin wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan tsawon rai da kimanin shekara 12 idan namiji ne, 14 idan mace ce. Mutanen can sun fi mu asibitoci, hanyoyinsu kuma ba su cin rai kamar namu, inda ake loda wa mota kaya da mutane a bi dare da ita. Amma jijiya da ƙoda iri ɗaya ne a ko'ina.

A ganinmu ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da abin yi a nan wanda bai kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba. Na'urar auna jini mai batir ana samunta a manyan shagunan magani, duk wanda ya iya karanta lamba zai iya aiki da ita. A saya a ajiye ofishin ƙungiya ko wajen sarkin kasuwa, a sa rana ɗaya a mako. Mai son awo ya zauna ya huta minti biyar, kada ya ci goro ko ya sha shayi ko taba rabin awa kafin nan, ya ɗora hannu a kan tebur daidai ƙirji. A rubuta lambar da kwanan wata. Idan ta kai 140 bisa 90 a ranaku biyu daban-daban, sai asibiti. Idan ta kai 180, ko aka ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, kada a ɗura wa mutum ruwa ko rubutu a baki domin zai iya shaƙewa, a nemi mota nan take.