Zabura ta 140: addu'ar neman tsari daga masu girman kai

Musulmi da Kirista duk sun san sunan Annabi Dauda da Zabura. A cikin Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, Zabura na ɗauke da waƙoƙi 150.

Ta 140, wadda ake jingina wa Dauda, roƙon tsari ce daga azzalumai da masu girman kai. Ta siffanta harshensu da dafin maciji, makircinsu kuma da tarko. Mai roƙon bai ɗauki fansa da hannunsa ba; ya miƙa hukunci ga Ubangiji, yana da yaƙinin zai ƙwato wa talaka haƙƙinsa. Shi ya sa Kiristoci ke karanta ta lokacin tsanani.